Yarinyar da Ta Ce wa Innarta "Daidai"

A Malanville, kusa da gadar da ake ƙetarewa zuwa Gaya, an yi wata yarinya mai kaifin kai. Sai dai taurin kanta ya fi kaifin yawa. Tana zuwa lakkwal, wato makarantar boko, tana ajin farko na kwaleji. A ajin ne aka fara koya musu Ingilishi, kuma ba wanda ya kai ta.

Innarta, Basira, malamar gona ce. Kowace safiya takan hau babur ta bi gonakin shinkafa na bakin kogi. Akwai wata cuta da ke ƙona ganyen shinkafa, manoma suna ta kuka da ita. Basira ta ƙudura za ta koma jami'a, ta yi karatun doktora a kan wannan cuta.

Amma ba a shiga sai an ci jarrabawa. A cikin jarrabawar kuwa har da Ingilishi.

Basira ta iya Hausa, ta iya Dendi, ta iya Faransanci kamar ruwa. Ingilishi ne ya tsere mata tun da ta bar benci.

Sai ta roƙi kwalayen sukari wajen mai kanti. Ta yanka su ƙanana. A gaba ta rubuta kalma, a baya ta rubuta amsa.

Ran nan bayan la'asar ta kira ɗiyarta.

"Taho ki riƙe mini waɗannan. Ki karanta kalma, ni in ba da amsa. In na yi daidai, ki aje kwalin gefe. In na yi kuskure, ki maida shi ƙasan tarin, mu sake."

Yarinyar ta turo baki. A ƙofar gida ƙawarta Ramatu da sauran yara suna tsallen igiya. Tana jin waƙarsu.

"Inna, da safe lakkwal, da marece ma lakkwal?"

"Ɗan lokaci ne, ɗiyata. Jarrabawa na wucewa kin huta."

Aka fara. Basira tana yi, tana tuntuɓe. Kwali ya koma ƙasa, ya sake fitowa, ya sake komawa. Kafin tarin ya ƙare, an kira magariba. Yara duk sun watse.

Haka aka yi washegari. Haka aka yi jibi. Ran yarinyar ya ɓaci ƙwarai.

Wata rana ta ɗaga kwali ta karanta, "Teach."

Basira ta rufe ido ta yi tunani. "Teached," in ji ta.

Yarinyar ta duba bayan kwali. Taught aka rubuta. Ta buɗe baki za ta gyara, sai ta ji Ramatu tana kiran sunanta daga waje. Ta dubi tarin kwalayen. Yana da yawa.

"Daidai," in ji ta. Ta aje kwalin gefe.

Ba abin da ya faru. Inna ma murmushi ta yi.

"Buy."

"Buyed."

"Daidai."

Ran nan tun rana na sama aka gama. Yarinyar ta fita da gudu, ta yi tsalle har ƙafafunta suka gaji.

Daga nan ta samu hanya. In Inna ta ba da amsa daidai, yarinyar ta ce daidai. In Inna ta yi kuskure ma, ta ce mata daidai. Wani lokaci zuciyarta takan ce mata, "Wannan fa ba kyau." Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ni aka ɗauka aikin malanta? Wa ya aike ta?"

Basira kuwa murna ta cika ta. Tana tuƙin tuwo tana maimaita kalmomin. Tana wanki tana rera su. Kuskuren ya zauna mata daram a ka.

Basira tana da wa, sunansa Sumaila. Ɗan kasuwar albasa ne. Tun farko bai so wannan karatu ba. Ran Asabar ya shigo gaisuwa, ya tarar da kwalaye a kan tabarma.

"Basira, har yanzu kina kan wagga wahala? Kina da aiki, kina da ɗiya, mi kike nema kuma?"

"Yaya, ai an ce gemu ba ya hana ilimi. Balle ni da ba ni da shi."

"Ingilishi ba shinkafa ba ne, da za ki shuka ki girbe."

"To zauna ka gani. Yau Mushe Harouna zai taho ya gwada ni."

Mushe Harouna shi ne malamin Ingilishi na ajin yarinyar. Basira ce ta roƙe shi ya zo ya auna ta kafin tafiya. Da yarinyar ta ji sunansa, sai ta miƙe. Ta so ta sulale waje, amma ga shi har ya yi sallama.

Aka ba shi kujera da ruwan sanyi. Ya ɗauki kwalayen.

"Teach," in ji shi.

"Teached!" Basira ta amsa da ƙarfi, tana kallon yayanta.

Mushe ya ɗago kai. "A'a, Madan. Taught. To, buy?"

"Buyed."

"Bought."

Ya ba ta jimla ta gyara, ta ƙara ɓata ta. Ya sake ba ta wata, haka. Muryar Basira ta yi ta raguwa. Kawu Sumaila ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ashe wannan ne Ingilishin da za a kai jami'a!"

Basira ta juya wajen ɗiyarta. "Amma kullum kina ce mini daidai. Ko ba ki iya karanta rubutuna ba ne?"

Mushe Harouna ya girgiza kai. "Madan, yarinyar nan ta san waɗannan kalmomi sarai. A gabana ta rubuta su a allo."

Kowa ya zuba wa yarinyar ido.

Da ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri, da magana ta mutu. Amma taurin kai ya motsa. Ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu.

"To, ni ce zan yi jarrabawar? Kullum a tsare ni, yara na wasa! Ni ban ce a yi wani doktora ba!"

Ta jira a daka mata tsawa. Ta jira a ɗauko bulala. Ba a yi ko ɗaya ba.

Basira ta dube ta. Sannan ta tattara kwalayenta a gefen zane.

"Gaskiyarki," in ji ta a hankali. "Ba ke za ki yi ba. Daga yau na sallame ki. Je ki yi wasanki."

Yarinyar ta fita tana buga ƙafa. A ranta ta ce, "Na huta!"

Kwanaki suka bi baya. Kowane marece tana waje. Ba mai kiranta. Amma in ta shigo shan ruwa, sai ta ga Inna ita kaɗai a bakin murhu. Hannu ɗaya na riƙe da muciya, ɗayan na juya kwali. Bakinta ya saba da kuskure, sai ya riga ta faɗa. Ta tsaya, ta yi tsaki, ta sake.

Yarinyar takan kau da kai ta wuce. "Ba ruwana," in ji ta.

Ran Laraba Mushe Harouna ya raba musu takardun aikin da suka yi a aji. Yarinyar ta karɓi tata. Ba ja ko ɗaya. A sama an rubuta cewa duka daidai ne. Ta yi ta fara'a.

Ta leƙa takardar Ramatu. Jan biro ya cika ta. Sai ta lura da wani abu. A jimla ta ƙarshe amsarsu iri ɗaya ce. An soke ta Ramatu, an rubuta gyara. Tata kuwa an bar ta.

Ta duba sama, ta ga wani wurin ma haka. Ta buɗe littafi ta gwada. Lallai ita ma kuskure ta yi.

Da aka tashi, ta tari Mushe a ƙofar aji.

"Mushe, ba ka gyara mini ba. Akwai kuskure a nan, ka ce daidai."

"Haka ne?" in ji shi, yana sa littattafai a jaka. "Sauri nake. Ana buga ƙwallo yau, ina so in kalla."

"Amma ka gyara wa Ramatu!"

"Ke ai kin ji daɗi da kika ga ba ja. Ba ki yi murmushi ba?"

"Na yi. Amma da ban leƙa ba fa? Haka zan riƙe shi har ranar jarrabawa, in faɗi!"

Mushe Harouna ya rataya jakarsa. Ya dube ta.

"To, ni ne zan yi jarrabawar?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Maganarta ce, ba ragi ba ƙari. Ashe haka take da zafi in an jefo wa mutum ita.

Hawaye suka cika mata ido.

Mushe ya karɓi takardar. Ya ciro jan biro, ya gyara kowane wuri, ya miƙa mata.

"Kin gani? Ja ba ya da daɗin kallo, amma shi ke ceton ɗalibi. Innarki ta miƙa miki amanar kanta. Ba kowane babba ke iya zama gaban ɗansa ya ce koya mini ba."

Yarinyar ta kama hanyar gida. Ta bi ta gefen kasuwa, ba ta ko kalli masu ƙosai ba. Ramatu ta kira ta, ba ta juya ba.

Tun daga zaure ta ji muryar Kawu Sumaila.

"Na faɗa miki, ki bar abin nan. Lokaci ya ƙure. Za ki sha doguwar tafiya, ki dawo da kunya. Kanki ya riga ya cika, ba ya ɗaukar sabon abu."

"Yaya, zan tafi," in ji Basira. "In na faɗi, na faɗi a ɗakin jarrabawa, ba a kan tabarmata ba."

Ta faɗa da ƙarfi.

Yarinyar ta shigo. Ta durƙusa ta gaida kawunta. Sannan ta ɗago kai.

"Kawu, ka yi mini haƙuri, ina da magana. Kan Inna bai cika ba. Duk abin da na ce mata daidai ne, ta riƙe shi gam. Da gaskiya na ba ta, da gaskiya ta riƙe. Ni na ɓata, ba ita ba."

"Kai! Yau kuma ke ce lauya?"

"A'a, Kawu. Amma Inna za ta ci. Ko kowa ya ce ba za ta ci ba, za ta ci."

Ta juya wajen innarta, hawaye na zuba.

"Inna, na yi miki ƙarya don in yi wasa. Na kuma yi miki rashin kunya gaban mutane. Ki yafe mini. Ki ba ni kwalayen."

Basira ba ta miƙa ba tukuna.

"In na ba ki, za ki faɗa mini gaskiya ko da ba ta da daɗi?"

"Ko da za ki yi fushi."

"Ni ma ina da nawa laifin. Na tsare ki ban tambayi gajiyarki ba. Daga yau ki fara yin wasanki, in kin dawo mu zauna."

Ta jawo ta jikinta. Kawu Sumaila ya sa takalmi yana cewa, "Uwa da ɗiya, duk kanku dutse ne."

Aiki ya dawo sabo. Cire kuskuren da ya zauna ya fi koyon sabo wuya. Amma yanzu malamar ba ta da sassauci.

"He go to the farm," in ji Basira.

"Kuskure, Inna. Goes. Sake."

"Haba ɗiyata, harafi nawa ne kawai?"

"Su ma masu jarrabawa za su gan shi. Sake."

Wani marecen Ramatu ta leƙo, ta ga abin ya ba ta sha'awa. Ta zauna tana riƙe rabin kwalayen. Mushe Harouna ya dawo ya sake gwaji. Wannan karon kai kawai ya yi ta gyaɗawa.

Ranar tafiya suka raka Basira tasha. Ta shiga motar kudu, ta ɗaga musu hannu. Yarinyar ta tsaya har motar ta ɓace a hanyar Guéné.

Basira ta yi jarrabawa ta dawo. Aka shiga jira. Jiran ya yi wa yarinyar tsawo fiye da kowa.

Ran nan da hantsi, ranar da ba lakkwal, wayar Basira ta yi ƙara. Ta saurara. Ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Na gode, na gode," ta kashe.

"Inna, mi aka ce?"

"An ɗauke ni."

Yarinyar ta yi ihu har kaji suka watse. Ta ruga kasuwa ba ko takalmi. Ta sami Kawu Sumaila a tsakiyar buhunan albasa.

"Kawu! Inna ta ci!"

Kawu ya cire hula ya sosa kai. Sannan ya yi dariya, ya juya wajen 'yan kasuwa.

"Kun ji ko? Ƙanwata za ta zama dokta! Ni na ce ba za ta iya ba, ta ƙaryata ni. Yau na ji daɗin shan kaye."

Da marece ya zo gida da kifi manya daga bakin kogi. Aka soya, maƙwabta suka taru, aka ci aka yi addu'a.

Da mutane suka watse, Basira ta riƙe hannun ɗiyarta.

"Mi kika koya a cikin wannan abu?"

Yarinyar ta ce, "Na koyi cewa wanda ya ga kuskurenka ya ce maka daidai, cutarka ya yi. Mai ƙaunarka shi ke gyara ka."

"Sai kuma mi?"

"In an ba ka amana, ka riƙe ta da gaskiya. In ka gaji, ka ce ka gaji, kada ka yi ƙarya."

"Madalla," in ji Basira. "Wannan karatun ya fi na doktora."

Yara, ku ma ku riƙe wannan. Gaskiya mai ɗaci ta fi ƙarya mai zaƙi.