Sabon Birki a Motar Saƙo

Da hantsi aka bugo wa wata Sufeton 'yan sanda waya cewa motar rabon saƙo ta take wata mai sharar titi a gangaren bayan kasuwa. Kafin ta isa an ɗauke gawar, an kai direban asibiti, motar ma masu ita sun janye ta. Tsintsiya kawai ta tarar, da kwalaye biyu a cikin kwata.

Ta durƙusa ta duba kwalta. Babu inda taya ta ja ƙasa.

"Kin ga abin da ya faru?" ta tambayi mai shagon da ke kwanar.

"Ji na yi, ranki ya daɗe. Tun daga saman gangaren yake danna hon, bai ɗaga hannu ba. Har na ce wannan wane irin mahaukaci ne."

A asibiti, direban da abokan aikinsa ke kira Dogo yana kwance, ƙafa a ɗaure, an haɗa hannunsa da ƙarfen gado da ankwa. Matarsa na gefe riƙe da kwanon abincin da bai taɓa ba.

"Waya nake dubawa," ya ce, idonsa a silin. "Laifina ne."

"Mai duba waya ne yake danna hon tun daga sama?"

"Ni dai na faɗa miki."

Maganar ta fito sumul kamar hadda, abin da ya sa Sufeto ta ƙi yarda da ita ke nan. Shugabanta ya riga ya ce gobe da safe a kai shi kotu. Da wannan amsa laifin, shekaru zai yi a gidan yari.

Matar ta biyo ta baranda tana murza bakin mayafinta.

"Ni ban san mota ba, ranki ya daɗe. Amma mutumin nan ko barci yake sai ki ga yana taka katifa da ƙafa. Kullum cewa yake motar ba ta tsayawa sai ta ga dama."

"Wa ya zo wurinsa kafin ni?"

"Maigidansu. Ni ma waje ya ce in fita."

Maigidan nan ɗan kwangila ne. Babban kamfanin saƙo ke ba shi kaya, shi kuma ya ɗebi direbobi su raba a motocinsa. A da, in aka yi haɗari, direba ke kwasar komai, don a wurin hukuma shi ba ma'aikacin kowa ba ne. Sabuwar doka ta sauya wannan: in laifin mota ne, alhaki na wuyan ɗan kwangila, kamfani kuma na iya ƙwace aikinsa.

Sufeto da wani Sajan mai taya ta aiki suka sami motar a farfajiyar ɗan kwangilar, gabanta a lotse. Ta shimfiɗa kwali ta kwanta ta leƙa ƙarƙashi. Ko'ina busasshen taɓo ne, sai bututun man birki guda ɗaya yana ƙyalli.

"Yaushe ka sa wannan?" ta tambayi bakanikensu.

"Ya kai wata guda."

"Wata guda yana yawo cikin taɓo, ko ɗigo bai same shi ba? Wanka kake yi masa?"

Bakaniken ya shiga goge hannun da ya riga ya goge. Sajan ya dawo daga wajen shara riƙe da tsohon bututu, fasasshe, an naɗe shi da roba, mai na ɗiga.

"In kai kaɗai ka yi wannan ɗaurin, kai zan tafi da shi," in ji Sufeto a hankali.

Bakaniken ya waiga. Ofis ya nuna da haɓa.

Ɗan kwangilar ya tarbe ta da fara'a har da cewa a kawo mata ruwa.

"Motocina lafiyarsu ƙalau. Yaran zamani ne da waya."

Ta ajiye bututun a kan teburinsa. Man ya fara bin takardu. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya zauna.

"Cewa na yi a lallaɓa zuwa ƙarshen wata," ya ce. "Mota ɗaya ta kwana a gareji, kamfani ya ce mun makara. Wallahi ban zaci rai zai tafi ba."

"Da aka janyo motar fa?"

"Ni na sa a canza."

"Me ka gaya wa Dogo?"

"Gaskiya. In abin ya hau kaina, kwangila ta tafi, duk mutanen nan sun koma gida. Har da ƙaninsa da ke mana aiki."

Nan take Sufeto ta buga asibiti ta ce a kwance wa Dogo ankwa. Sajan ya tasa ɗan kwangilar gaba.

A waje direbobi sun daina lodi, sun yi cirko-cirko. Babu wanda ya yi murna. Wani mai furfura a cikinsu ya matso rungume da kwali.

"Ranki ya daɗe, kayan da muka riga muka loda, mu raba ko mu sauke?"

Sufeto ta dubi layin motocin, ƙarƙashin kowacce da ɗigon mai.

"Ku sauke, Baba," ta ce.