Ruwan da Ya Sauka a Takarda

Sufeto Maharazu bai gama ɗaure rawaninsa ba Illa, sarkin noman Dogo-Dogo, ya faɗo biro, wato ofishinsa, yana haki.

"Ranka ya daɗe, kwana ashirin ko yayyafi babu. Shuka ta ƙone. Mun roƙi Kumandan, Baturen mulki, ya buɗe rumbun tsimi mu samu iri mu sake shuka, ya ce takarda ta ce kullum ana ruwa a garinmu."

"To, ana yi?"

"Dubi ƙafata."

Sufeto ya duba. Ta yi fari fat da ƙura. Kumandan dai takarda yake ji, kuma in aka ƙara mako guda, bana babu gero a Dogo-Dogo. Ya sa aka ɗaura wa doki sirdi.

A Dogo-Dogo, abin awon ruwan sama yana tsakar filin lakwal, wato makarantar boko, mazurari ne bisa kwalba a kan wani gungume. Mushe Inuwa, malamin lakwal, shi ke dubawa kowace safiya ya rubuta a takarda ya aika wa Kumandan a Magariya.

"Mushe, ka ga hadari?"

"Ba a ce in dubi sama ba, Sufeto. Kwalba aka ce in duba."

Ƙasa a bushe ƙamas, kwalba kuwa ga ruwa har rabi. Sufeto ya sa yatsa ya zaro wani zare.

"Ruwan samanku da igiyar guga yake saukowa?"

Mushe ya gyara tabarau.

A gindin gungumen akwai sawun ƙafa ƙanana, an bi su da tsintsiya amma ba a share duka ba.

"Wa ke shara a nan?"

"Iya Tabawa. Ita ke cika randunan lakwal da sassafe."

Sufeto ya tarar da ita tana watsa wa zabbinta tsaki, ludayi a hannu.

"Sannu da aiki, Iya. Kin san kwalbar Nasara?"

"Wace kwalba, ɗan nan? Ni ko kallonta ba na yi."

Sufeto ya zauna bisa turmi ya yi ajiyar zuciya.

"Shi ke nan. Dama Kumandan ne ya ce ko wane ne mai zubawar, marowaci ne. Ɗan ɗigo-ɗigo kamar mai ba da magani."

Tabawa ta miƙe zumbur.

"Marowaci? Ludayi uku nake zuba mata! Ran Juma'a huɗu!"

Ta kama baki. Zabbi suka yi ta kuka.

"Don me, Iya?"

"Kai ba ka taɓa kiwon zabuwa ba? In ka kwashe ƙwai duka, ba ta komawa wurin. Sai ka bar mata ɗaya. Nasara ya kafa abin kiran ruwa, shi kuma wannan mai tabarau kullum ya juye shi tas. Hadari ya leƙo ya ga wayam, me zai tsaya yi?"

"Ruwanki ne ya rufe rumbun tsimi, Iya."

Ta dubi gonar Illa da ta yi ja.

"To, kai ni wurin Kumandan ɗin. Da bakina zan buɗe shi."

Aka ɗora ta a jaki, Illa na biye da buhunan iri wofi. Har sun kai bakin gari ta juyo ta miƙa wa Mushe Inuwa ludayin.

"Ungo. Uku da safe, kada ka manta."

Mushe ya miƙa hannu. Sufeto ya riga shi, ya soke ludayin a ɗamara.