Kwalbar da Ba Ta Taɓa Kwana a Ƙasa Ba

Wani siririn layi na gani a wuyan kwalbar, kamar zare, ya miƙe har bakinta. Idona ya gifta ta kansa ne kawai, domin hankalina yana kan fuskar Wendell.

Yana tsaye a bakin ramin da suka haƙa a bayan gidanmu, toka har girarsa. Royce, abokin haƙarsa, ya ɗaga shuɗiyar kwalbar yadda Baba zai gan ta da kyau.

"A jakar Wendell na same ta, Mista Zeller. A naɗe cikin riga."

Babu wanda ya motsa...

Masu tonon tsofaffin kwalabe suna da doka ɗaya da ba sa yafe wa wanda ya karya ta. Duk abin da ya fito daga rami, a bokiti zai hau, a jera shi kan ciyawa kowa ya gani. Mai gida ya fara zaɓa, sauran a jefa kwabo a raba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɓoye kwalba ya gama haƙa a garin nan, labarinsa ma sai ya riga shi isa ko'ina a Pennsylvania.

A laburaren da nake aiki na fara ganin Wendell. Ya zo neman tsofaffin taswirori, yana so ya gano inda ramukan masai na gidaje suke shekara ɗari da hamsin da suka wuce, tunda can ake jefa kwalaben da aka gama da su, a bi su da toka. Ya zo sau ɗaya don taswira. Sauran zuwan, ni da shi mun san ba taswira ba ce.

Baba bai taɓa kiran sunansa ba.

"Na kai ki jami'a kin karanta tarihi, ki dawo mini da mai tonon masai?"

Royce yake so mini. Royce yana da shagon kayan gargajiya a babban titi, rigarsa kullum a goge, kuma a coci bayanmu yake zama.

Wata bakwai Wendell yana lallaɓa Baba kafin ya yarda: yini ɗaya, rami ɗaya, a mayar masa da ciyawarsa yadda take. Jiya Wendell ya riƙe hannuna a bakin ƙofa, ya ce da zarar an cike ramin zai nemi aurena a wurin Baba.

Ga shi yanzu ramin a buɗe, ana kiransa ɓarawo.

"Ban taɓa ganinta ba, yallaɓai," in ji shi a hankali.

"Kwashe kayanka," Baba ya ce. "Kada in sake ganinka a titin nan."

Wendell ya dube ni. Bai roƙe ni komai ba, sunana kawai ya kira.

"Linnea..."

Shekara huɗu na yi a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ko a waya sai na rubuta abin da zan faɗa tukuna. Amma layin nan ya ƙi barin idona.

"Baba, a ba ni kwalbar."

Muryata ta fito 'yar ƙarama. Royce ya yi murmushi ya miƙo mini, ya ce in yi hankali, ba littafi ba ce.

Na durƙusa gaban kwalaben da aka jera, wajen arba'in, duk sun yi hazo saboda daɗewa a ƙasa. Na ɗauki ɗaya na nuna wa Baba layin da ke gefenta, inda ɓangarori biyu na mazubin da aka ƙera ta a ciki suka haɗu. Na ce ya bi shi da farce. Ya bi, yana ɓata rai. A wuya layin ya ɓace. Na gaya masa dalili: a wancan zamanin da baki ake hura kwalba, sannan maƙerin ya gyara bakinta da hannu, ya shafe layin. Duk abin da ramin nan ya ba mu haka yake.

Sai na ɗora masa shuɗiyar a tafin hannu.

"Bi wannan."

Farcensa ya hau, ya wuce wuya, bai tsaya ba sai a baki.

"Inji ne ya yi ta, Baba. Ramin nan kuwa an rufe shi shekaru kafin a ƙirƙiro injin. Dubi cikinta, ko ƙwayar toka babu, a waje kawai aka shafa mata laka." Na juya gindinta. "Ga danƙon takardar farashi. Ƙawayenta uku suna tagar shagon Royce, kullum ta gabansu nake wucewa."

Royce ya yi dariya, ya ce wasa ne, masu haƙa sun saba tsokanar juna da jabu.

"Wasa a rami ake binne shi, Royce," in ji Wendell. "Ba a jakar mutum ba."

Baba ya miƙa wa Royce kwalbarsa, ya ce ya rufe ƙofa in ya fita. Royce ya tafi yana gunaguni, ko shebur ɗinsa bai ɗauka ba.

Na san Baba. Ban haƙuri ba ya cikin abin da bakinsa ya iya. Ya tsaya yana kallon ganyen da iska ke zubarwa cikin ramin.

Wendell ya tuna masa cewa mai gida ke fara zaɓa. Baba ya ce me zai yi da shara. Wendell bai yi musu ba. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai launin sararin sama, wadda ta fito a bokitin ƙarshe, ya goge ta da babban yatsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Baba ya laluba tabaransa.

A jikin gilashin, da haruffa masu tudu, an rubuta A. ZELLER, da sunan garinmu a ƙasa. Kakan kakana ke nan, mai shagon magani da gobara ta cinye. Labarinsa kawai muka gada, ko hoto babu.

Baba ya daɗe yana shafa haruffan. Na ga farcensa ya nemi layin, ya bi shi, ya tsaya a wuya.

"Wendell," ya ce. "Ta yaushe ce?"

"Tambayi 'yarka, yallaɓai. Ta fi ni ido."

Na ce wajen 1870. Baba ya gyaɗa kai, ya saka ta a aljihun ƙirji, ya dafe ta da hannu.

"'Yar laburare tawa..." Wendell ya raɗa mini. "Ashe kina da murya?"

Na sunkuyar da kai don kunya.

Wendell ya gyara tsayuwa, ya cire hula, toka ta zubo masa a kafaɗa.

"Yallaɓai, akwai maganar da na so in yi bayan an cike ramin..."

Baba ya dubi ramin, ya dubi tulin ƙasar, aikin mutum biyu. Ya sunkuya ya ɗauki shebur ɗin da Royce ya bari, ya saka mini a hannu, ya matse yatsuna a kan ƙotar. "Ku cike shi, sannan ya same ni a ciki."

Sannan ya juya ya nufi gida, hannunsa ɗaya a kan aljihu, ya ja ƙofar a hankali.