Aloberar Mama

"Ajiye bokitin nan, Ruwaida! Kika jiƙa ta, ta mutu!"

"Kai da ka karya ta, kai za ka koya min?"

Wallahi da na samu sanda a ranar, da Jalilu, mai neman aurena, ya sha duka. Ranar kawo goron neman aurena ce, a gidanmu na Maamobi. Garin gyara wa kawunsa benci ya bangaji tukunyar aloberar da Mama ta shuka kafin ta rasu. Kan ya ɓalle, ya faɗi a siminti. Babana ya miƙe. Ya tura musu goronsu, ya shige ɗaki.

Shekara uku Baba yana ba ta ruwa safe da yamma, yana mata hira kamar Mama ce zaune.

Jalilu ya ja ni bakin lungu. Furanni yake sayarwa a Kawukudi, ya san kan abin. Ya juya min gindin, ga shi baƙi, ya yi laushi, har da wari.

"Ruwa ne ya ruɓar da ita, masoyiyata. Ko iska ce ta taɓa ta..."

"To bari in faɗa wa Baba!"

"Ki ce masa shi ya kashe shukar matarsa? Haba! Gara ya tsane ni."

Ya yanke ruɓar, ya tafi da kan. Wai sai ya bar shi a inuwa sati guda, ciwon ya bushe, sannan ya dasa a yashi.

Kwanakin nan kamar a mafarki na yi su. Ina zuba wa masu saye wake da shinkafa a wurin sana'ata, hankalina na can wajen Mama, ina ganinta tana lakato ruwan ganyen tana shafa min a ƙuna. Ina son Jalilu har cikin ƙashina, kuma ba zan iya ƙara wa Baba ciwo ba.

A sati na bakwai Jalilu ya yi sallama, rungume da gwangwanin fenti da ya dasa aloberar a ciki. Sababbin ganye biyu sun ɓullo a tsakiya, kore shar!

Baba ya daɗe yana kallo.

"Sau nawa kake ba ta ruwa?"

Jalilu ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya a sati biyu, Baba."



"Na ji warin tun kafin ku zo," Baba ya ce. "Sai na ƙara mata ruwa... Ka sani, amma ka yi shiru."

Na durƙusa ina kuka. Ya dafa kaina, shi ma hawaye na bin gemunsa.

"Ka ce wa kawunka ya dawo da goron. Aloberar ma ku tafi da ita, Ruwaida. Ni hannuna bai iya bari ba."