Angon da Tamsin Ta Wanke wa Hasumiya

Tamsin na saman tsani, buroshi a hannu, sai ta jiyo dariyarsa daga ƙasa.

Ned ne!

Tun shigowar sanyi aka ɗauke ta aikin wanke tsohuwar hasumiyar dutse da ke tsakiyar lambun gidan Ashcombe, wadda aka gina don tunawa da wani kakan gidan da ya mutu a yaƙi. A gindinta za a ɗaura auren magajin gidan. Kullum Ned kan zo mata da shayi, takalminsa duk taɓo, ya ce shi mai kula da itatuwa ne. A nan ya fara riƙe hannunta, a nan ya rantse ba shi da kowa sai ita.

Ta leƙo tana murmushi, murmushin ya ɗauke.

Kwat ce a jikinsa, wata doguwar mace ta rataye a kafaɗarsa, uwar gidan, Lady Ashcombe, na gaba.

"Yarinya, sauko ki gaida ɗana Edmund da amaryarsa Philippa."

Tamsin ta sauko daga tsanin.

"Af, ke ce?" in ji Philippa, tana kallonta sama da ƙasa. "Ni na ce a zo a gan ki. An ce kin iya ɗebe wa mijina kewa."

Tamsin ta saki buroshin, ta nufi bakin wani tafki da ke cikin lambun, hawaye na rufe mata ido. Ya biyo ta da gudu.

"Tam... masoyiyata, tsaya!"

"Wa zan tsaya wa? Ned ko Edmund?"

"Tsoro na ji. Da kin san ko ni wane ne, da ba ki saurare ni ba..."

"Shi ne ka zauna kana kallona, hannuna na tsagewa da sanyi, ina gyara maka wurin aurenka? Har tambayar ka na yi ko angon mutumin kirki ne, ka ce da sauƙi! Muka yi dariya, Ned!"

"Mama ce ta haɗa auren. Ke nake so, ke kaɗai, zuciyata."

Ta share fuska da bayan hannu. Abin haushin, har yanzu tana son sa.

"To ga su can. Riƙe hannuna mu je ka faɗa musu. Yanzu."

Ta miƙa masa hannun.

Ya dube shi, ya waiwaya ya dubi gidan.

"Ki ba ni lokaci..."

"Edmund!" muryar Lady Ashcombe ta ratso lambun.

Hannun Tamsin na nan a miƙe.

"Ina zuwa, Mama," ya ce a hankali.

Ta mayar da hannunta aljihu, ta bi hanyar ƙofa. Sai da ta shiga motarta ta kulle, sannan ta kifa kai a sitiyari ta yi kukan da ta hana shi gani.