Rabin da Na'ura Ke Yankewa

Ana kiran magariba Oga ya kora Auta ta koma ofis. Mutum ne da bai san gajiyar kowa ba. Wai kafin gobe sai ta gyara manhajar agogon hannun da suke ƙerawa, mai lissafa bugun zuciyar mutum tun daga haihuwa. Na gwajin yana hannun Innarta a gida, saƙonsa na zuwa kwamfutar Auta.

Matsalar ba baƙuwa ba ce. Bugun tsohuwa ya haura biliyan biyu, umarnin da ke fitar da lamba kuma na ƙananan lambobi ne. Sai ya karanta rabi ya watsar da rabi, allo ya nuna shirme. Gyaran layi ɗaya ne.

Ta ja kujera ke nan fanka ta tsaya. Warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin. A ƙarƙashin tebur wani abu yana tauna, ƙurus, ƙurus.

"Yarinya," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, "rabin da ake zubarwa ni nake ci. Bar mini."

Amma Auta akwai taurin kai, ga tsoron Oga. Ta yi bisimilla, ta sauya umarnin zuwa na manyan lambobi, ta danna.

Lambar Inna ta fito cikakkiya, tana ƙaruwa ɗaya-ɗaya.

Taunar ta tsaya.

"To, zan ci daga jikinta."

Lambar ta fara raguwa. Dubu-dubu, sannan miliyan-miliyan. Auta ta kai hannu don ta mayar da tsohon layin, madannan suka ƙona mata yatsu. Ta durƙusa neman wayar wuta, wani hannu mai sanyi ya riƙe mata wuya.

"Don Allah," ta ce.

Aka yi dariya da cikakken baki.

Da ƙafa ta fizge wayar. Ba ta san yadda ta sauko bene ba.

Ta tarar da Inna a kan tabarma, lafiya lau, tana kitse gashinta fari fat tana 'yar waƙa. Auta ta faɗa jikinta tana kuka, tana kiran Inna, Inna.

Tsohuwar ta janye jiki cike da kunya.

"Baiwar Allah, wa kike nema? Ni ko aure ban yi ba tukuna."