Motar Da Ba Ta Sauri

Ranar da janwe ta jawo motar cikin Magazin, unguwar bakanikai da ke Suame a Kumasi, babu bakaniken da bai ajiye sifanarsa ya zo kallo ba. Mu mutanen Suame mun ga gawarwakin motoci iri-iri, amma wannan ta daban ce. Tsohuwar a-kori-kura ce, tayoyi duk sun zauna, ciyawa ta tsiro a bodinta, kashin kaji ya yi mata fenti. A goshinta kuma, da ɗan sauran jan fenti, an rubuta: BA NA SAURI.

Konadu ta fito daga ƙarƙashin wata tasi tana goge hannu. Ita kaɗai ce mace mai riwaya, wato gyaran wayoyin mota, a layin, kuma kowa na shakkar bakinta.

Wani dogon saurayi ya diro daga janwe da takalmin gona a ƙafarsa.

"An ce a layin nan akwai mai tayar da matattu," ya ce.

"Ga ta a gabanka. Amma wannan jana'iza take so. Ka tara dangi, a ɗaura baƙin zane."

"Ai dangin ne suka bar mini ita. Gadon kawuna ce. Sunana Oduro, koko nake nomawa a Abofour."

"Mai gawa dai."

Ya yi murmushi, wushiryarsa ta bayyana. Konadu da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba sai ga ta tana neman filayar da ke riƙe a hannunta.

Ya ba ta labarin motar. Wai da mai ita na farko ya rasu, kawun Oduro ne ya gaje ta. Ya tayar da ita, ta yi 'yar tafiya zuwa bakin gona, ta mutu. Dangi suka ce mamacin ne bai yarda ba. Tun daga nan, shekara talatin da wani abu, ba wanda ya sake taɓa ta sai kaji.

"Kai ba ka tsoron fatalwa?" ta tambaya.

"Na fi tsoron kuɗin hayar motar ɗaukar koko."

Aiki ya kankama. Aka sauke inji, aka jiƙa fistin da mai har suka saki. A cikin lagireto aka sami gidan ɓera, da iyalansa duka. Konadu ta zare tsofaffin wayoyi kaf ta shimfiɗa sababbi. Oduro kuwa duk Asabar sai ya zo da kan ayaba da fiya, wai ya zo duba aiki. Wane aiki? Mutum ya zauna a kan taya yana miƙa wa yarinya sukundireba yana kallon wuyanta, ai ba sai an yi wa Magazin bayani ba.

Saƙonni suka fara shigowa.

"Injiniyata, yaya mara lafiyarmu? Yau ina tsinkar koko na yanke yatsa, don hankalina yana Kumasi."

Ta amsa: "Mai gawa, fitilunta sun kama yau, ta buɗe ido. Ka kula da yatsan nan, da shi za ka miƙo mini sifana."

"Sifana kawai? Ni zobe nake tunani."

Konadu ta karanta wannan ya fi a ƙirga. Ta kifa wayar a ƙirji tana dariya ita kaɗai. Son shi take yi, kuma ta daina yi wa kanta gardama.

Ranar gwajin inji layin ya cika. Aka ɗiga fetur a kafireta, Oduro ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta yi ruri kamar tsohon sa, mutane suka ɗau sowa. Kafin sowar ta sauka, ta mutu. Aka sake, ta sake. Wani tsohon fanalbita ya yi alamar gicciye ya ja da baya.

"Mamacin ne," in ji shi.

"Mai ne ba ya zuwa," Konadu ta ce. "Zan bi tiyon in gani."

Ran Lahadi bayan coci, mahaifiyarta Maame Dufie na kirɓa sakwara, Konadu ta matsa kusa da mahaifinta da waya a hannu. Papa Twumasi tsohon direba ne, ba ya son dogon zance.

"Baba, akwai wanda yake so ya turo manyansa su ƙwanƙwasa ƙofa, su nemi aurena. Ga hotonsa nan, a jikin motarsa."

Tsohon ya karɓi wayar. Ko kallon saurayin bai yi ba. Idonsa ya tsaya a kan rubutun goshin motar.

"Motar ubana ce," ya ce.

Taɓaryar Maame Dufie ta tsaya.

"Ni nake wanke ta tun kaina bai kai madubi ba. A cikinta na koyi tuƙi. Da ya rasu, aka ce al'ada, ɗan 'yar'uwa ke gado. Suka zo suka karɓi makulli a hannuna, ni da uwata muka fita da tabarma da tukunya." Ya ajiye wayar. "Wannan yaron jinin gidan ne. Ki aure shi, ku tara, ran da ya faɗi 'ya'yan 'yar'uwarsa su kwashe, naki su tsaya a titi kamar yadda na tsaya. Ban yarda ba, Konadu. Kar su zo."

Haka muke, mu Asante: ɗa na dangin uwarsa ne, dukiya ma ta nan take bi. Yanzu doka ta sassauta abin, amma je ka gaya wa wanda aka karɓi makulli a hannunsa.

Labari ba ya kwana a Magazin. Washegari sai ga Bonsu, mai shagon kayan gyara, wanda ya daɗe yana bin Konadu da turarensa mai hawa kai.

"Ƙanwata, an yi miki wayo," ya ce yana kaɗa makullin motarsa. "Duk masu riwaya na Kumasi bai ga kowa ba sai 'yar Twumasi? Ya san gidanku ne kawai zai iya lallashin fatalwar. Motar na tashi, shi ma ya tashi."

Ta kore shi, amma maganar ta zauna. Oduro ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya turo saƙo:

"Injiniyata, labari ya iso ni, na tambayi mahaifiyata, duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne. Na rantse ban sani ba. Ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ta ajiye wayar. Kuka ta yi, ta shige ƙarƙashin motar don kar a gani. Tana nan kwance sai idonta ya bi tiyon mai. Maimakon ya miƙe daga tanki zuwa inji, sai ya karkata ya shige ƙasan kujerar direba. Ta ɗaga kujerar, ta kankare tsatsa. Ga wani ɗan famfo na tagulla, ɓoye a inda hannun direba kawai zai kai, an murɗe shi gam. Irin dabarar tsofaffin direbobi ce ta maganin ɓarayi.

Konadu ta zauna daɓas. Wa ya san da shi in ba mai motar ba, da yaron da ke wanke ta? Ta ɗiga masa mai, ta lallaɓa shi har ya saki, sannan ta mayar da shi a rufe kamar yadda ta same shi.

Ran Asabar tana dawowa daga sayen dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta hango taro. Masu gwangwan ne, masu sayen tsohon ƙarfe, su biyu, sun kunna wutar yankan ƙarfe, Oduro na tsaye a gefe ya juya wa motar baya.

Ta watsar da dokunun ta sheƙa da gudu.

"Kashe wutar nan! Wa ya ce ku taɓa ta?"

"Ni ne," Oduro ya ce. Idanunsa sun yi ja. "In ita ce tsakanina da ke, a yanka ta a auna a sikeli. Koko na ɗauka a ka."

Nan take maganar Bonsu ta bi iska. Ta kama hannunsa a gaban kowa, ta ja shi cikin motar, ta ɗora yatsunsa a kan famfon.

"Ga fatalwarku."

Ya daɗe yana shafa shi. Sai dariya ta kama shi har da hawaye. Ya kai hannu zai murɗa, ta buge hannun.

"Ba kai za ka buɗe ba, Mai gawa. Ba ni ba ce kuma."

Ya dube ta, ya gane. A ranar ya koma Abofour wajen mahaifiyarsa da dattijon danginsu, Nana Kyei, don abin gado ba a kyautar da shi sai da yardarsu. Ba su ja ba ko kaɗan. Dama sun gaji da zama da motar da suke tsoro.

Da safiyar wata Asabar unguwar Breman, inda gidan Papa Twumasi yake, ta ga abin mamaki. Bakanikan Magazin ne cikin kayan aiki suke turo a-kori-kura, ta sha shuɗin fenti, an sabunta jan rubutun goshinta. A baya ga Nana Kyei da zanensa a kafaɗa, ga Oduro da kwalabe biyu na abin sha. Konadu tana leƙe ta taga.

Papa Twumasi ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na ce kar ku zo."

"Ba ƙofa muka fara zuwa ƙwanƙwasawa ba, Twumasi," in ji Nana Kyei. "Kaya muka kawo. Ga shaidu. Wannan yaro, da yardar dangi, ya ba ka motar nan kyauta. In ka yi godiya a gaban jama'a, ka san ba mai sake karɓar ta har abada."

Oduro ya durƙusa ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Baba, mun yi iya yinmu, ta ƙi tashi. Ko za ka gwada?"

Tsohon ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan ya karɓa. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya buɗe ƙofa, ya zauna. Ba tare da ya duba ba, hannunsa na hagu ya sauka ƙasan kujera. Ya taka totur, ya murza makulli.

Ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Wannan karon ba ta mutu ba. Ruri take yi sumul, hayaƙi na fita, yara na tsalle, bakanikai na buga bodi kamar ganga, Maame Dufie ta kwance ɗankwali tana juya shi sama. Papa Twumasi ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya taɓa ganin kukansa sai ranar.

Da ya fito ya dubi Nana Kyei.

"Ni na rufe shi, safiyar da kuka zo ɗaukar ta."

"Kai ne ka hana mu barci shekara da shekaru?" Nana Kyei ya riƙe baki. "Har tunkiya muka yanka wa ubanka."

Dariya ta ɓarke. Papa Twumasi ya aika aka kawo kwalba daga ɗakinsa, ya miƙa ta a matsayin godiya a gaban shaidu. Sannan ya gyara zane ya ce, "To, waɗancan kwalabe biyun fa? Ko yawo kuka fito da su?"

Aka shiga tsakar gida, aka kira Konadu. Sau uku mahaifinta ya tambaye ta, kamar yadda ake yi, ko a karɓi abin shan mutanen nan. Na farko ta ce a karɓa, kanta a ƙasa. Na biyu ma haka. Na uku ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Baba, ka karɓa mana kafin su fasa."

Ran ɗaurin aure Papa Twumasi da kansa ya tuƙa amarya zuwa coci, a hankali, yana danna hon a kowace kwana. Bonsu ya biyo layin da sabuwar motarsa, dole ya bi bayansu har ƙofar coci, don rubutun goshin motar ba wasa yake ba.

A wajen liyafa tsohon ya miƙe, ya kira Nana Kyei da sauran shaidu. Ya kamo hannun 'yarsa ya sa mata makullin.

"Na ba Konadu. Abin uwa na 'ya'yanta ne, wannan ma al'ada ce. Jikokina ba za su tsaya a titi ba." Ya juya ga ango. "Kai kuma, in za ka kai koko kasuwa, ka roƙi matarka aro."

Oduro ya sunkuya kusa da kunnenta. "Injiniyata, za a ba ni?"

"Sai ka wanke ta tukuna, Mai gawa."

Papa Twumasi ya ɗora hannu a kansu su biyu. Ya roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya roƙa kada Allah ya nuna wa zuriyarsu ranar da za a karɓi makulli a hannunsu. Jama'a suka amsa da amin, har da Nana Kyei, wanda muryarsa ta fi ta kowa.